Hermann Ebbinghaus (1850-1909): Bajamushen Da Ya Ɗora Mantuwa A Kan Sikeli

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai da iyayenmu malamai, babu wanda ya taɓa zama a aji daga cikinmu da bai ɗanɗani zafin mantuwa ba. Yaro ya kwana karatu da fitilar ƙwai, ya tashi da asuba yana jin kome na cikin kansa, a raba takardar jarrabawa ya nemi rabin abin ya rasa. Malami kuma ya ƙare darasi ran Alhamis yana murna, ran Litinin ya yi tambaya a kai ajin ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Kowa ya san ana mantuwa. Abin da ba a sani ba, har zuwa wajen ƙarshen ƙarni na 19, shi ne nawa ake mantawa, kuma cikin wane lokaci. Mutumin da ya fara amsa wannan tambaya da alƙaluma wani Bajamushe ne mai suna Hermann Ebbinghaus. Kada ƙarshen sunan ya ruɗi kowa, ba shi da wata dangantaka da mu, kalmar haus gida ke nan da Jamusanci.

Dalilin kawo tarihinsa a wannan shafi shi ne da yawa daga cikinmu sun yi, ko suna kan yin, bincike don digiri na biyu ko digirin digirgir, wasu a fannin koyarwa, wasu a lissafi, wasu a fiziks, wasu a ilmin halayyar ɗan Adam. Aikin wannan mutum ya ratsa duka fannonin nan huɗu. Kuma ya yi shi ba ɗakin gwaje-gwaje, ba farfesan da ke duba masa aiki, ba kuɗin tallafi, ba ma wanda zai yi gwajin a kansa sai shi kansa.

An haife shi ran 24 ga watan Janairu, 1850, a garin Barmen da ke yammacin Jamus, garin da daga baya aka haɗe shi da maƙwabtansa ya zama birnin Wuppertal. Mahaifinsa attajirin ɗan kasuwa ne, saboda haka yaron bai san fafutukar kuɗin makaranta ba. Yana da shekara 17 ya shiga Jami'ar Bonn da niyyar karanta tarihi da harsuna, sa'an nan bisa al'adar ɗaliban Jamus na zamanin ya taɓa karatu a Halle da Balin, inda hankalinsa ya karkata ga falsafa. Cikin 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Prussia da Faransa, ya ajiye littattafai ya shiga soja. Da aka ƙare yaƙi ya koma Bonn, cikin watan Agusta na 1873 ya karɓi digirin digirgir yana da shekara 23. Kundinsa a kan falsafar wani Eduard von Hartmann ne, wanda ya yi rubutu kan abubuwan da ke gudana cikin zuciyar mutum ba tare da saninsa ba. A riƙe wannan batu, domin zai sake ɓullowa nan gaba.

Bayan digirin sai ya shiga irin halin nan da iyaye ba su cika so ba. Shekaru suka yi ta wucewa ba shi da wata kujera a ko'ina. Ya zauna Balin yana karatun kansa, daga 1875 kuma ya tsallaka Ingila da Faransa, yana koyarwa a ƙananan makarantu da gidajen masu hali. Cikin wannan yawo ne ya shiga wani shagon tsofaffin littattafai ya yi kiciɓis da littafin Gustav Fechner na 1860, wanda ya juya rayuwarsa baki ɗaya.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan Fechner, don in ba a fahimce shi ba, ba za a fahimci abin da ya biyo baya ba. Shi farfesan fiziks ne a Jami'ar Leipzig. Garin binciken yadda ido ke riƙe hoton abu bayan an daina kallonsa, ya yi ta duban rana ta cikin gilasai masu launi har ya lalata idanunsa, ya bar kujerarsa, ya yi shekaru yana jinya cikin ɗaki mai duhu. Da ya sami sauƙi sai ya koma kan wata tambaya: shin ana iya auna abin da mutum ke ji a jikinsa kamar yadda ake auna nauyi ko tsawo? Ya ɗora a kan abin da abokin aikinsa Ernst Weber ya riga ya lura da shi. In ka ƙara kyandir ɗaya a ɗakin da ke da kyandir biyu, kowa zai ga haske ya ƙaru. In ka ƙara ɗayan nan a ɗakin da ke da ɗari biyu, ba wanda zai lura. Watau ido ba yawan ƙarin yake gani ba, girman ƙarin yake gani idan an gwada shi da abin da ke akwai. Fechner ya mai da wannan ya zama ƙa'idar lissafi mai amfani da logaridam, wannan dai da muka yi ta ɗaukar littafinsa zuwa ɗakin jarrabawa muna tambayar kanmu ina amfaninsa.

To, amma manyan masana na zamanin sun ja layi. Johann Herbart, wanda malaman da suka yi kwas ɗin koyarwa za su tuna da sunansa, ya yarda a yi amfani da lissafi wajen bayyana tunani, amma bai yarda ana iya yi wa tunani gwaji ba. Wilhelm Wundt, wanda ya buɗe ɗakin gwaje-gwajen ilmin halayyar ɗan Adam na farko a Leipzig cikin 1879, shi ma yana ganin gwaji ya tsaya ga gani da ji da saurin motsi, manyan ayyukan hankali sun fi ƙarfin awo. Ebbinghaus, wanda ba almajirin kowa ba ne daga cikinsu, sai ya ga ba dalilin da zai hana a gwada dabarar Fechner a kan hadda da mantuwa. Ni a ganina rashin ubangida ya taimake shi a nan. Da ya tashi a hannun Wundt, da wuya ya taɓa abin da malaminsa ya ce ba ya taɓuwa.

Ya koma Jamus cikin 1878, ya sami aikin koya wa Yarima Waldemar, jikan Sarkin Jamus, Faransanci a Potsdam. Aikin bai daɗe ba, don yaron ya mutu da ciwon maƙarau cikin watan Maris na 1879 yana da shekara 11. Cikin shekarar nan ce Ebbinghaus ya duƙufa a kan gwajinsa.

Matsala ta farko ita ce me zai haddace. In ya ɗauki waƙa ko labari, wani layi zai fi wani sauƙi, wata kalma za ta tuna masa da gidansu, wata da filin yaƙi, awo ya lalace. Mai auna hatsi yana bukatar mudu ɗaya da ba ya sauyawa. Sai ya ƙera nasa mudun. Ya ɗauki baƙi, ya sa wasali, ya rufe da wani baƙin, ya sami gaɓa ɗaya. Yana da baƙaƙe 19 na farawa, wasula 11, baƙaƙe 11 na rufewa. Masu lissafi su buga su gani: 19 sau 11 sau 11 ya ba da 2,299, watau wajen gaɓoɓi 2,300. Ya rubuta su, ya cakuɗa, yana zarowa ba zaɓe yana jera su layi-layi. An saba cewa gaɓoɓin nasa ba su da ma'ana, amma gaskiyar ita ce wasu daga ciki kalmomi ne sosai a Jamusanci, bai kuma damu da cire su ba. Abin da ba shi da ma'ana shi ne jerin, don ba wata gaɓa da ke jawo ta gaba da ita.

Sai yadda zai karanta. Ya ƙayyade wa kansa sauri ɗaya, gaɓa 150 a minti, da farko yana bin bugun na'urar da makaɗan Turawa ke daidaita kiɗa da ita, daga baya ya koma bin ƙarar agogon aljihu. Yana karanta jeri daga farko zuwa ƙarshe, ya sake, ya sake, har ya iya kawo shi da ka ba gargada. Tsakanin jeri da jeri hutun daƙiƙa 15 ne, na rubuta sakamako. Don kada ƙirga ya raba masa hankali, ya zura 'yan maɓallan katako a igiya, kowane na goma baƙi, yana tura ɗaya da yatsa bayan kowace maimaitawa. Wanda ya gan shi daga nesa sai ya ce carbi yake ja. Ya kuma tsare lokacin gwaji, domin ya lura hadda da hantsi ta fi ta yamma saurin shiga, ya yi ƙoƙarin daidaita zamansa na yau da kullum don kada wani sauyi ya shiga cikin alƙaluma. Haka ya yi ta yi fiye da shekara guda, daga 1879 zuwa 1880.

Matsala ta biyu ta fi wuya, kuma maganin da ya samo mata shi ne ainihin gwanintarsa. In ka tambayi mutum abin da ya haddace wata guda da ya wuce ya ce bai tuna kome ba, yaya za ka auna abin da ya rage? Sifiri ne? Ebbinghaus ya ce a'a, a sa shi ya sake haddace abin, a ga ko zai fi na farko sauri. A misali, in haddar farko ta ci minti 10, ta biyu ta ci minti 6, to an sami rangwamen minti 4, watau kashi 40 cikin 100. Wannan rangwame shi ne ma'aunin abin da ke kwance a cikin kai ko da mai kan bai san yana nan ba. Ga batun kundinsa na Bonn ya dawo: abin da Hartmann ya cika shafuka yana bayani da falsafa, shi ya samo hanyar auna shi da agogo.

Don gano yadda mantuwa ke tafiya da lokaci ya yi gwaji 163, yawancinsu na ɗauke da jeri 8 masu gaɓa 13, a haddace sa'an nan a sake haddacewa bayan wani wa'adi. Ga abin da ya samu. Bayan minti 20 rangwamen kashi 58 ne cikin 100. Bayan sa'a ɗaya ya sauko 44. Bayan kamar sa'a 9 ya koma 36, bayan kwana ɗaya 34, kwana biyu 28, kwana shida 25, kwana 31 kuma 21. A duba da kyau. Abin da ya zube cikin sa'ar farko ya fi abin da ya zube cikin dukan watan da ya biyo baya. Mantuwa kamar ruwan sama ne a kan jigawa, yawancinsa nan take yake nutsewa, ɗan abin da ya tsaya kuwa sai ya daɗe. Ya nemo ƙa'idar lissafi da ta dace da alƙaluman, ita ma sai ga logaridam ɗin lokaci a cikinta. Zanen da ake yi da waɗannan alƙaluma, mai gangarowa da sauri sa'an nan ya miƙe a hankali, yana cikin kusan kowane littafin koyar da malamai.

A nan akwai gyara da ya wajaba a yi, don an sha jin masu ba da lacca suna cewa wai Ebbinghaus ya tabbatar ɗalibi yana manta fiye da rabin darasi cikin sa'a ɗaya. Bai auna darasi ba, kuma bai auna tunawa ba. Ya auna rangwamen sake haddar gaɓoɓin da aka jera ba kan gado. Shi da kansa ya nuna bambancin. Ya ɗauki baitoci daga doguwar waƙar nan ta mawaƙin Ingila Byron mai suna Don Juan, ya tarar wahalar haddace su ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na wahalar haddace gaɓoɓi masu yawa ɗaya da su ba. Ma'ana da kari da amsa-amo suna ɗauke wa mai hadda tara cikin goma na kayan. Malaman da suka mai da nahawu da fiƙihu waƙa don almajirai su riƙe sun san wannan tun da daɗewa, shi dai ya sa wa abin lamba ne.

Sauran abubuwan da ya gano ma suna da amfani ga mai riƙe da alli. Gaɓa bakwai yana iya kawo su bayan karantawa sau ɗaya tak. Da ya kai 12 sai ya bukaci maimaitawa wajen 17, gaɓa 16 suka ci 30, gaɓa 24 suka ci 44, gaɓa 36 suka ci 55. Ke nan ƙarin gaɓa biyar kawai a kan bakwai ya ninka aikin fiye da sau goma sha shida. Ya kuma ga cewa kowace maimaitawa da ya yi yau tana rage masa kamar kashi ɗaya cikin 100 na aikin gobe, har ma wadda ya yi bayan ya riga ya iya, don haka ci gaba da maimaita abin da aka iya ba ɓata lokaci ba ne. Amma wanda ya fi duka shi ne na rarraba bita. A jeri mai gaɓa 12, maimaitawa 68 da ya yi a zama ɗaya ta ba shi sakamako daidai da maimaitawa 38 da ya raba cikin kwana uku. Kusan rabin wahala, riba ɗaya. Alarammomin da ke tsare almajirai da tishi kullum ba su jira wani Bajamushe ya gaya musu ba. Mu da muka riƙa tara karatun zango guda mu afka masa daren jarrabawa, mu ne dai alƙaluman suka kama.

Wani abin da ya bambanta shi da masu falsafar zamaninsa shi ne bai amince da sakamako ɗaya ba. Ya aro dabarar masu ilmin taurari da fiziks, waɗanda in sun auna abu sau da yawa sukan ɗauki matsakaici su kuma lissafa iyakar kuskuren da ke iya shiga. Ya nuna cewa lokutan haddarsa suna taruwa kewaye da matsakaici kamar yadda awon abubuwan duniya ke yi, wanda shi ne hujjarsa ta cewa hadda abar aunawa ce. Ya kuma tuhumi kansa a rubuce, cewa mai yiwuwa sanin abin da yake fatan samu yana karkata shi ba da saninsa ba, har ya shirya wasu gwaje-gwajen ta yadda ba zai san irin jerin da ke hannunsa ba sai ya gama.

A Jamus digirin digirgir bai isa mutum ya koyar a jami'a ba, sai ya sake gabatar da kundi na biyu. Cikin 1880 ya miƙa wannan aiki ga Jami'ar Balin aka karɓa, ya zama ƙaramin malami irin wanda ba ya cin albashin gwamnati, sai abin da ɗaliban da suka shiga ajinsa suka biya. Mai neman suna da sai ya garzaya maɗaba'a. Shi kuwa ya ƙi. Ya jira, daga 1883 zuwa 1884 ya sake gwaje-gwajen don ya ga ko alƙaluman farko za su tsaya. Da suka tsaya, sa'an nan ya buga ɗan littafinsa kan hadda da mantuwa a Leipzig cikin 1885. Littafin ƙarami ne, amma tsarinsa, daga bayyana matsala zuwa hanyar bincike zuwa sakamako zuwa tattaunawa, shi ne kusan tsarin da ake tilasta wa ɗaliban digiri na biyu su bi a kundayensu. Sunansa ya kai Amurka, inda William James ya yaba wa juriyarsa. Cikin 1886 Balin ta ɗaga shi zuwa muƙamin da ke ƙasa da cikakken farfesa.

Daga nan ne labarin ya ɗauki wani salo. Mutumin da ya buɗe wannan fage sai ya bar shi, ya koma binciken ganin launi da haske. Waɗanda suka ci gaba da nome gonar su ne Georg Elias Müller da almajiransa a Göttingen, waɗanda suka ƙera na'ura mai juyawa tana nuna gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, suka kuma raba mai gwaji da wanda ake gwadawa. Cikin 1890 Ebbinghaus ya haɗa kai da Arthur König, masanin fiziks kuma almajirin Helmholtz, suka kafa mujallar bincike wadda ta ba masanan da ba na ɓangaren Wundt ba wurin buga ayyukansu. Aikin edita ya ci lokacinsa. An san shi da iya koyarwa da sakin fuska, amma ba shi da yawan rubutu, ita kuwa jami'a, a can da nan, takardu take ƙirgawa.

Cikin 1894 babbar kujera ta samu a Balin. Aka tsallake shi aka ɗauko Carl Stumpf daga Munich. Masu tarihi suna danganta wannan da ƙarancin abin da ya buga, da kuma rashin goyon bayan babban masanin falsafa na jami'ar, Wilhelm Dilthey, wanda a shekarar nan ya fitar da dogon rubutu yana cewa hanyar kimiyyar gwaji ta dace da abubuwan duniya, amma rayuwar zuci fahimtarta ake yi daga ciki. Ebbinghaus ya tattara kayansa ya koma Jami'ar Breslau, birnin da yanzu yake cikin ƙasar Poland da sunan Wrocław. Daga can, cikin 1896, ya mayar wa Dilthey martani mai zafi a mujallarsa, abin da ya kashe zumuncin da ke tsakaninsu. Stumpf ba ƙaramin masani ba ne, kada a ce an ba wanda bai cancanta ba. Amma dai Balin ta saki reshen da ba ta sake kama irinsa ba a fagen hadda.

Komawarsa Breslau ta zama alheri ga makarantu. Hukumar birnin ta damu da koke-koken cewa zaman aji na sa'a biyar a jere da safe yana gajiyar da yara, aka kafa kwamiti, aka sa shi a ciki. Ya gwada yara da hanya uku a lokuta daban-daban na yini: lissafi cikin sauri, riƙe jerin lambobi da ka, da wata sabuwar dabara tasa. Ya ɗauki labari ya cire wasu kalmomi da gaɓoɓi, ya ce yara su cike guraben yadda maganar za ta yi ma'ana. A kan batun gajiya, sakamakon da ya buga cikin 1897 bai yanke hukunci sosai ba. Amma ya ci karo da abin da bai fita nema ba. Gwajin cike gurbi ya raba yaran da ke saman aji da na tsakiya da na ƙasa a fili, gwajin riƙe lambobi kuwa bai raba su wani abin kirki ba. Watau mutumin da ya yi suna da hadda shi ne ya kawo shaidar cewa hadda daban, basira daban, kuma basira tana wajen iya haɗa gutsattsarin abubuwa su ba da ma'ana. Alfred Binet na Faransa ya sa irin wannan tambaya cikin ma'aunin basirar yara da ya fitar tare da Théodore Simon cikin 1905. Duk wanda ya taɓa gumi a kan tambayar cike gurbi a jarrabawar Turanci, to ga kakan tambayar. Almajirinsa William Stern, wanda ya biyo shi Breslau, shi ne cikin 1912 ya kawo dabarar raba shekarun basirar yaro da shekarun haihuwarsa, wadda ta haifi abin da ake kira IQ.

Babban littafinsa na koyarwa ya fara fitowa cikin 1897, juzu'in farko ya kammala cikin 1902, ya kuma sadaukar da shi ga Fechner, wanda ya riga ya mutu tun 1887. Akwai wani zane da ke ɗauke da sunansa: da'ira biyu masu girma ɗaya, an kewaye ɗaya da manyan da'irori, ɗaya da ƙanana, sai ido ya rantse ta tsakiyar ƙananan ta fi girma. Bai kuma rabu da baitocin Byron ba. Bayan shekara 22 ya sake haddace waɗanda bai ƙara dubawa ba tun farko, ba ya tuna su, amma duk da haka agogo ya nuna ɗan rangwame.

Cikin 1905 ya koma Jami'ar Halle, cikin 1908 ya fitar da taƙaitaccen littafi don masu fara karatun fannin, wanda ya sami karɓuwa ƙwarai. Jami'ar Clark ta Amurka ta gayyace shi bikin cikarta shekara 20, taron da Sigmund Freud ya halarta cikin watan Satumba na 1909. Bai kai ba. Ciwon huhu ya kama shi, ya mutu a Halle ran 26 ga watan Fabrairu, 1909, yana da shekara 59. Stern ne ya je taron. Ɗansa Julius, wanda aka haifa a shekarar da littafin hadda ya fito, ya zama farfesan falsafa, fannin da uban ya bari.

Kwalejin horar da malamai ta Jami'ar Columbia a Amurka ce ta buga fassarar littafin da Turanci cikin 1913, ta nan ya shiga hannun masu koyar da malamai. Suka kuma bai ƙare ba. Mafi ƙarfinsa ya zo daga Frederic Bartlett na Cambridge cikin 1932, wanda ya nuna cewa in an ba mutum labari ya maimaita bayan wani lokaci, ba raguwa kawai labarin ke yi ba, mai ba da shi yana sake gina shi ne ya dace da al'adarsa da abin da ya saba. Wannan gaskiya ne, kuma gaɓoɓin Ebbinghaus ba za su taɓa nuna shi ba, tun da an ƙera su ne don a kore ma'ana. Akwai kuma ƙorafin da kowane mai duba kundi zai fara yi, cewa mutum ɗaya ba ya wakiltar jama'a. Cikin 1924 wasu masana biyu a Jami'ar Cornell, Jenkins da Dallenbach, suka bi diddigin wani abu da ke cikin alƙalumansa, watau ƙarancin mantuwa tsakanin sa'a 9 da kwana ɗaya, suka nuna cewa wanda ya yi barci bayan hadda ya fi wanda ya yini a farke riƙe abin. Cikin 2015 kuma Jaap Murre da Joeri Dros na Jami'ar Amsterdam suka maimaita gwajin mantuwar kamar yadda ya tsara shi, da mutum ɗaya, wanda ya ɓatar da wajen sa'a 70 yana haddar gaɓoɓi yana sake haddacewa a wa'adi daga minti 20 zuwa kwana 31. Zanen da suka samu ya yi kama sosai da na 1885, har da ɗan tudun nan na bayan kwana ɗaya.